Ƙofar shiga a wangame, ta fita da kwaɗo

Duk wanda ya taɓa neman a sa masa intanet a gida, ko a kafa masa parabol bisa soro, ya san yadda ake tarbar mai shigowa. Ba ka gama tambayar farashi ba an turo maka kujera. In ka ce sai ka yi shawara, lambar talhonka ta riga ta shiga littafi, gobe da safe za a kira ka. Wasu ma ba su jiran ka je, samari ne masu riguna iri ɗaya suke bin unguwanni bisa kabu-kabu, har cikin filin lakkol suke iske mu lokacin da yara suka fita shan iska. Yini guda ya isa a ja waya, a sa hannu, a amshi kuɗi. To ka koma ranar da ka ce ka fasa. Wanda ya sa maka akwatin zai ce wannan ba aikinsa ba ne. Mai gishe zai ce sai shef ya zo. Shef yana taro, ko ya tafi Yamai. Lambar da aka ce ka kira kiɗa take yi maka har kiredinka ya ƙare. Kana wannan zirga-zirga wata yana tafiya, faktir kuma tana zuwa kan lokacinta, domin ita ba ta taɓa yin taro ba.

Ni ban yarda wannan sakaci ne ba. Kamfanin da ya iya buɗe maka layi cikin minti goma ya iya rufe shi cikin minti goma, kwamfuta guda ce ke yin aikin biyu. In fita ta yi wuya, an so ta yi wuya ne. Kowane mutum da ya gaji ya koma gida ya ce “bari wata mai zuwa”, kuɗin wata guda ne ya shiga aljihun kamfani ba tare da ya yi gumi ba. Ka tara irinsu dubu a Maraɗi, dubu a Damagaram, dubu a Tawa, sai ka gane dalilin da ya sa babu mai gaggawar gyara ƙofar.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jin sa a fada. Za su ce ai mu nan talabijin ɗinmu ba na kwantaragi ba ne, abonma ne: ka biya wata, ka kalla, in ba ka sake biya ba hoto ya ɗauke, shi ke nan, me za a soke? Wannan magana tana da gaskiya ta wani fanni, kuma na fi son tsarin a biya a kalla bisa tsarin da ke ɗaure mutum shekara biyu. Amma a duba abin da ke ƙarƙashinsa. Dekodar da ka saya da kuɗinka ba ta karanta komai sai na kamfanin da ya sayar maka, ranar da ka bar shi ta zama abin ɗora tulu. In kana son hawa babban buke, nan take ake hawar da kai, in kana son saukowa sai ka jira abin da ka biya ya ƙare. Wanda aka rarrasa da rangwame ya biya wata uku ko shida gaba ɗaya, in larura ta taso masa a wata na biyu, bai ga fuskar kuɗinsa ba. Sannan kwanakin nan talatin da ake sayar mana tafiya suke yi ko akwai kuran ko babu. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Mu da ke shan wuta daga layin Katsina mun san daren da muka yi. Gida nawa suka biya wata cur suka kalli baƙin gilashi? Ban ce kamfanin talabijin ne ya ɗauke wuta ba. Na ce babu abin da zai hana a ba mutum damar tsayar da kwanakinsa, ya aika saƙo guda a dakatar, ranar da ya shirya a ci gaba da ƙirga. Wanda ya iya yanke hoto da tsakar dare ranar da wata ya cika, daidai da minti, ba zai ce mini ƙirga kwanaki ya fi ƙarfinsa ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne intanet na gida, wanda ake sa wa hannu a takarda. Nan ne ake samun wa'adin shekara ko shekara biyu, da kuɗin ajiya da suke kira kosiyon, da akwatin wifi da ba ka san naka ne ko na aro ba sai ranar rabuwa. Kuma mu malamai mu ne kasuwar wannan kaya. Albashinmu yana bi ta banki, ana iya cire kuɗi tun bai iso hannu ba. Muna buƙatar intanet don shirya darasi, don karatun nesa na masu neman ƙarin digiri, don yaranmu da ke lise. Amma mu ne kuma mutanen da ba su da ikon cewa ga inda za su kwana baɗi. Takardar afektasiyon tana fitowa dab da komawa lakkol, ta ɗauke ka daga birni ta ajiye ka a ƙauyen da sai ka hau tudu kake samun rezo. Ba kai ka nema ba. Gwamnati ce ta tura ka, kuma ƙin tafiya laifi ne.

Akwai wata malama da muka yi lakkol guda da ita shekara huɗu. An sa mata intanet a watan Maris saboda ɗiyarta mai shirin jarrabawar BEPC, a watan Satumba aka ɗauke ta zuwa wani gari mai nisa inda layin kamfanin bai kai ba. Ni na raka ta buron kamfanin, da takardar afektasiyon ɗinta mai tambarin hukuma a hannu. Yarinyar da ke gishe ta karanta, ta ce: “Madam, wallahi na ji tausayinki, amma kin sa hannu.” Aka nuna mata layi na kaza a shafi na kaza, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, wai wanda ya fita kafin wa'adi zai biya duk watannin da suka rage. Ta tambayi kosiyon ɗinta, aka ce sai an duba akwatin. Ta kawo akwatin, aka ce mai dubawa ba ya nan. Ta tafi bakin aikinta da bashin abin da ba ta sha ba, kuma da ba za ta iya sha ba ko ta so. Ban ga laifin yarinyar gishe ba, ita ma albashi take jira. Laifin yana wurin wanda ya rubuta layin, da wanda aka ɗora wa duba irin waɗannan layuka ya bar shi ya wuce.

Kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa jan waya zuwa gida kuɗi ne, akwatin kuɗi ne, ma'aikacin da ya hau fal kuɗi ne, kuma sun yi maka rangwame a farko ne bisa sharaɗin za ka daɗe su maida abin da suka kashe. Na yarda. Babu mai hankalin da zai ce a ja maka waya yau ka gudu gobe ba ka biya ko dala ba. Amma abin da suka kashe yana da iyaka, kuma yana raguwa kowane wata da ka biya. A faɗe shi a fili tun ranar farko: mun kashe maka kaza, in ka fita a wata na uku za ka maida kaza, a wata na tara kaza. Wannan ciniki ne. Amma a ce ka biya cikakken kuɗin watannin da ba a ba ka komai a cikinsu ba, wannan tara ce, kuma ban san wanda ya ba ɗan kasuwa ikon cin tarar mutane ba. Ko a hayar gida, malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke cewa in ɗakin ya rushe haya ta warware, domin amfanin da ake biya dominsa ya tafi. Ga-ruwa ma, in bai kawo ruwa ba, ba ya tsayawa ƙofar gida ya ce a biya shi na sati.

Tunda kwantaragin nan da Faransanci ake rubuta su, kuma da yawansu kwafin na can ne, bari mu duba abin da doka ta ce a can. A Faransa, dokar da ake kira Chatel ta watan Janairu 2008 ta ce in mutum ya nemi a soke masa layin talho ko intanet, kamfani ba shi da ikon jan sa fiye da kwana 10. Kuɗin ajiya kuma a maida masa cikin kwana 10 bayan ya maida kayan. A lokacin, dokar ta 2008 ta ba wanda ya sa hannu na wata 24 damar fita in ya cika wata 12, ta kuma hana a neme shi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya rage. Mu yi lissafin a allo, tunda sana'armu ce. A ce kana biyan jikka 20 a wata, saura wata 12, ka ga jikka 240 ke nan. Da waccan doka jikka 60 ne iyakar abin da za a tambaye ka. Da layin da aka nuna wa abokiyar aikina, 240 ɗin za ka biya cif. Bambancin jikka 180 ne, buhun hatsi nawa ke nan a gidan malamin firamare? Ba su tsaya nan ba. Wata doka ta Agusta 2022, da ta fara aiki 1 ga Yuni 2023, ta tilasta wa duk kamfanin da ke karɓar mutane ta intanet ya sa maɓallin sokewa a fili, mutum ya danna sau uku ya fita. Kwantaraginsu kuma sun san abin da suke kira dalili karɓaɓɓe, kamar ƙaura zuwa wurin da layin bai kai ba, wanda ke fitar da mutum ba tare da tara ba. An kwaso mana wa'adi da tara daga can, an manta da wannan sakin layi a jirgi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa ƴan kasuwar Turai sun fi namu tsoron Allah. Halin guda ne, bulala ce ta bambanta. A Ingila, cikin Nuwamba 2018, hukumar Ofcom ta ci tarar Virgin Media fam miliyan 7 da EE fam miliyan 6.3, saboda sun caji mutanen da suka fita kafin wa'adi fiye da abin da ya halatta. Tun Fabrairu 2020 kuma dole ne kamfani ya aiko maka da saƙo kwana 10 zuwa 40 kafin wa'adinka ya cika, ya ce ga ranar, ga abin da za ka riƙa biya bayanta, ga mafi arhar abin da muke da shi. A Amurka an kafa ƙa'idar a soke da dannawa guda a Oktoba 2024, kamfanoni suka kai ƙara, kotu ta rushe ta a Yuli 2025 tun ba ta fara aiki sosai ba. Wato ko a can, ƙofar fita da kokawa ake buɗe ta, kuma wani lokaci masu kwaɗon ke yin nasara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan kuɗin da ke cikin riƙe mutum da ƙarfi.

Mu ma ba a daji muke ba. Muna da doka ta 2015 da ta shimfiɗa ginshiƙan kare mai saye a Nijar. Muna da dokar sadarwa ta Yuli 2018, da hukumar ARCEP da aka kafa a wannan shekara don ta sa ido bisa kamfanonin talho da intanet, kuma sauraron koken masu amfani da layi yana cikin aikinta. Muna da ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da suka daɗe suna wannan faɗa. Takarda dai akwai. Abin da nake tambaya shi ne: uba nawa ne a Tasawa ko Madawa ya san ƙofar da zai buga in an riƙe masa kosiyon? Hukumar da ta san yadda ake auna ƙarfin rezo da na'ura, me zai hana ta karɓi kwantaragin kowane kamfani ta karanta shi layi-layi, ta soke abin da ya zama zalunci kafin a miƙa wa talaka biro? Kuma mun ga cewa surutu yana aiki. A farkon 2023 da aka canza farashin intanet na talho ya yi tsada, jama'a suka yi ca a rediyo da Facebook, ba a daɗe ba aka ja da baya. Ranar nan kowa ya ji zafi lokaci guda, shi ya sa aka ji muryarmu. Zaluncin ƙofar fita kuwa ɗaya-ɗaya yake kama mu, kowa ya sha nasa a gishe ya koma gida ya yi shiru.

Ga kuma zancen harshe. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne. To madalla. Talla kam an daɗe ana yi mana ita da Hausa, har da kiɗa da barkwanci, babu kamfanin da ya taɓa rasa mai fassara in zancen “zo ka saya” ne. Sai an zo wurin wa'adi da tara Hausa take ƙarewa. In da gaske ake, a tilasta shafi guda da Hausa da manyan baƙaƙe, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida: wata nawa ne, nawa ne kuɗin fita, akwatin na wane ne, yaushe ake maida kosiyon, wa ake kai wa takardar sokewa. Tambaya biyar ce, ba ta cika rabin shafi ba.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƴan uwana malamai, mu da muke ɗora wa yaro jan biro saboda bai karanta tambaya da kyau ba, abin kunya ne a ga malami ya amshi takarda mai shafi shida ya tambayi “ina zan sa hannu?” kawai. Mun iya kwana muna gardama bisa maki ɗaya na alawus, amma kwantaragin da zai ci jikka ɗari biyu ba ya samun minti goma. Sannan akwai wannan haƙuri namu da ake yabo, wanda ya zama jari a hannun wasu. “Bar su da Allah.” Na ji, kowa da Allah za a bar shi, amma barin kosiyon ɗinka a hannun kamfani ba sadaka ba ce, babu ladan da aka yi maka alkawari a kai, kuma shirunka ne ke sa a yi wa na bayanka. Wasu kuma kunya ke hana su, wai kada a ce mushe guda yana rigima bisa jikka goma sha biyar. Kamfanin da ya fi ka kuɗi sau dubu bai ji kunyar riƙe ta ba.

Iyaye ma abin ya shafe su ta wata hanya da ba a cika faɗa ba. Kowace shekara, daga Afrilu zuwa Yuni, muna roƙonku a taron iyayen yara ku rage talabijin a gida saboda jarrabawa. Amsar da muke samu ita ce: “Mushe, ai an riga an biya.” Kuɗin da aka riga aka biya ya zama shi ke mulkin falo, uba yana ganin kashe akwatin asara ce, yaro kuma ya san haka sarai. Da ana iya dakatar da abonma wata biyu a ci gaba bayan jarrabawa, da wannan gardama ta mutu. Damar tsayarwa da damar fita suna cikin abin da ke ba uba iko da gidansa.

Kafin a gyara doka, ga abin da na ga yana aiki. Kada ka soke da baki, kada ka soke ta talho kawai, domin maganar da ba a rubuta ba ba a yi ta ba. Rubuta wasiƙa gajera, da sunanka da lambar kwantaragi da ranar da kake son a rufe, ka yi kwafi biyu, ka tsaya a gishe har a buga wa naka tambari da kwanan wata. In sun ƙi karɓa, ka aika ta gidan waya da shaidar isarwa. Ranar da ka maida akwati kada ka fito sai da resi mai lambar akwatin da bayanin cewa lafiya lau ya zo, har caja da waya a rubuta, don a nan ake cinye kosiyon. In ta banki ake cirewa, ka kai wa bankin kwafin wasiƙar ka nemi a tsayar, kada ka jira kamfani ya tuna. In an wuce wata ba amsa, ka haɗa kwafin komai ka kai ARCEP da ƙungiyar masu saye, kuma ka gaya wa kamfanin a rubuce cewa ka kai. Wanda bai sa hannu ba tukuna, ya nemi a ba shi takardar ya je gida da ita kwana biyu. Kamfanin da ya ƙi ba ka takardarsa ka karanta a gida ya riga ya gaya maka abin da ke cikinta.

Amma wannan duk dabarar mutum ɗaya ce, kuma mu ba ɗaya-ɗaya muke ba. Muna da sandika. SNEN da sauran ƙungiyoyin malamai sun san yadda ake zama da minista, zama da darektan kamfani ba zai gagare su ba. Su nemi abu guda a rubuce: duk ma'aikacin da ya kawo takardar afektasiyon zuwa wurin da layi bai kai ba, a sallame shi ba tara, a maida masa kosiyon cikin kwana goma. Kamfanin da ya fara yarda, a sanar da sunansa a kowace lakkol, sauran za su biyo shi da gudu, domin albashin malamai ba kasuwar da ake wasa da ita ba ce. Kwamitocin iyayen yara su ɗauki zancen dakatarwa lokacin jarrabawa. Ni kuma a ajina na CM2, na cire sunan kamfani daga wata tsohuwar takardar kwantaragi na yi kwafi, kuma sati mai zuwa ita ce darasin karatu da lissafi: yara su nemo wa'adi, su nemo kuɗin fita, su lissafa abin da mai gida zai biya in an ɗauke shi a wata na bakwai. Duk malamin da ke son kwafi ya yi magana a ƙasan wannan rubutu, zan tura masa.